Tambarin da ya sauya kundi: nazarin matsalar gajerun hanyoyi a wata manhajar Android

Manhajar da ake magana a kanta ta rubuta bayanai ce. Mutum yana buɗe kundaye a cikinta yadda ya ga dama: wannan na aiki, wannan na karatu, wancan na jerin magungunan da yake sha da lokutansu. Kowane kundi da sunansa da launinsa, kuma ana daidaita komai da saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet, domin mutum ya ga rubutunsa a duk na'urar da ya shiga. Lokacin da kula da ɓangaren Android ya dawo hannunmu, mun tarar da koke biyu da suka daɗe a jerin matsaloli, an rubuta su daban-daban kamar babu abin da ya haɗa su.

Na farko ya fi yawa amma bai tayar wa kowa hankali ba. A cikin kowane kundi akwai maɓallin "Saka a fuskar waya". Mutum zai danna, manhaja ta ce "An saka", ya koma fuskar waya ya duba ko'ina, babu komai.

Na biyu ba ya zuwa sosai, sai dai duk wanda ya aiko shi ransa a ɓace yake. Mutum ya ajiye tambarin kundin "Magunguna" a kusurwar fuskar wayarsa, ya saba danna shi ba tare da ya duba ba. Wata rana ya danna, ya rubuta abin da zai rubuta, daga baya ya gano rubutun ya shiga kundin "Taron ofis", wanda abokan aikinsa ma suna gani. Da ya koma ya kalli tambarin da kyau, sai ya ga sunan da ke ƙarƙashinsa ya sauya, launin ma ya sauya, alhali wurin da ya ajiye shi bai motsa ba. Waɗanda suka fara duba koken sun ɗauka mai wayar ne ya rikice. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mutanen da ba su san juna ba suna ta bayyana abu ɗaya.

Irin gajerun hanyoyin da Android ya sani

Tun daga Android 7.1, wanda ya fito a 2016, idan aka danna tambarin manhaja aka riƙe, wani ɗan jeri yana fitowa da ayyukan da za a iya tsallakawa kai tsaye, su ake kira gajerun hanyoyi. Akwai na dindindin, waɗanda ake rubutawa a fayil ɗin `shortcuts.xml`, ba sa sauyawa sai an fitar da sabon zubin manhaja. Akwai masu sauyawa, waɗanda manhaja ke turawa tana cirewa ta hannun `ShortcutManager` yayin da ake amfani da ita. Sai kafaffu, wato waɗanda suka samu tambarin kansu a fuskar waya. Fuskar wayar kuma ba ta manhajarmu ba ce. Wata manhaja ce daban, lonca, take zana ta, kuma kowane mai ƙera waya yana iya zuwa da tasa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa kafaffiyar hanya tana samuwa ta ƙofa biyu. Ko dai manhaja ta nemi a kafa ta mai waya ya amince, ko kuma mai waya da kansa ya kama ɗaya daga cikin ɗan jerin nan ya ja ta ya ajiye inda yake so. Ƙofa ta biyun ba ta neman izinin manhaja. Kuma da zarar tambari ya kafu, manhaja ba ta da ikon cire shi. Tana iya sabunta shi, tana iya kashe shi, amma ɗauke shi daga fuskar waya sai mai waya.

Maɓallin da ke cewa an saka

Wannan bai ɗauki lokaci ba. Kod ɗin yana aika tsohuwar shelar nan ta `com.android.launcher.action.INSTALL_SHORTCUT`, wadda a da lonca ke saurara ta ɗora tambari ba tare da ta tambayi kowa ba. Daga Android 8.0 na 2017 aka daina kula wannan shela. Ba ta jawo kuskure, ba ta rushe manhaja, tafiya kawai take yi babu mai amsawa. Layin da ke biye da ita kuwa yana nuna "An saka" ko me ya faru.

Hanyar da ta maye gurbinta ita ce `requestPinShortcut`. Manhaja tana miƙa buƙata, lonca ta fito da ɗan akwati tana tambayar mai waya ko ya yarda. Mun yi amfani da `ShortcutManagerCompat` na AndroidX, tarin kayan aikin da Google ke ba masu rubuta manhajar Android, domin shi yana komawa tsohuwar shela da kansa a wayoyin da suka girmi 8.0. Kafin a nuna maɓallin ana tambayar `isRequestPinShortcutSupported`. Idan lonca ba ta karɓar buƙatar, gara a ɓoye maɓallin da a bar shi yana yaudara. Saƙon "An saka" kuma mun mayar da shi cikin amsar da tsarin ke dawowa da ita, wadda ba ta zuwa sai an kafa tambarin da gaske. Idan mai waya ya ƙi, babu wata amsa da ke dawowa, don haka kada a tsara shafin ya zauna yana jira. Akwai kuma wayoyin da masu ƙera su suka ƙara nasu izini a saituna, inda buƙatar za ta tafi lafiya amma akwatin ba zai fito ba sai an kunna izinin. Saboda su muka sa ɗan rubutu a ƙarƙashin maɓallin mai nuna inda za a duba.

Ana cikin wannan gyara ne muka ga zaren da ya ɗaure koke biyun. Tun da maɓallin ba ya aiki, masu amsa tambayoyin jama'a sun daɗe suna ba mutane wata dabara: danna tambarin manhajar ka riƙe, kundayen da ka buɗe kwanan nan za su fito, ja wanda kake so ka ajiye. Shawara ce mai kyau, kuma tana aiki. Sai dai ta tura mutane da yawa ta ƙofa ta biyu, ƙofar da kod ɗin bai taɓa tunanin za a bi ba.

Inda gizo ke saƙar

Kowace gajeriyar hanya tana da lambar shaida, wani ɗan rubutu da manhaja ke zaɓa, wanda mai waya ba ya gani. Da ita tsarin ke gane cewa wannan hanyar ita ce waccan. A manhajarmu, duk lokacin da aka buɗe kundi, ana ɗauko kundaye uku na baya-bayan nan a tura su da `setDynamicShortcuts`, kuma lambobin shaidarsu su ne `kwanan_1`, `kwanan_2`, `kwanan_3`. Wato lambar tana nuna matsayi a jeri, ba kundi ba.

Muddin hanyoyin suna cikin ɗan jerin nan kawai, babu wanda zai ga aibu. Ana danna tambari a riƙe, a ga sunaye uku, a zaɓi ɗaya, shi ke nan. Amma ƙa'idar Android a rubuce take: idan aka tura hanya mai sauyawa, kuma akwai kafaffiya mai lambar shaida iri ɗaya, kafaffiyar ma ana sabunta ta. Ga yadda abin ke faruwa daki-daki. Mutum ya buɗe "Magunguna", don haka ya zama `kwanan_1`. Ya ja shi ya kafa. Yanzu a fuskar wayarsa akwai tambari mai shaidar `kwanan_1`. Da rana ya shiga manhajar ta babbar ƙofa ya buɗe "Taron ofis". Kod ya sake jera kundaye, "Taron ofis" ya hau matsayi na ɗaya, aka tura shi da shaidar `kwanan_1`. Tsarin ya yi abin da aka ce masa: ya sauya suna, ya sauya launi, ya sauya inda tambarin ke kaiwa. Kamar a cire lambar gida daga wata ƙofa a liƙa a wata, sannan a yi mamakin inda wasiƙa ta je.

Wannan ne ya sa matsalar ke da wuyar kamawa a gwaji. Mai gwaji yakan kafa tambari, ya danna, ya ga kundin da ya dace ya buɗe, ya rubuta cewa lafiya. Ko ya danna sau goma ba zai ga komai ba, domin kundin da yake buɗewa ta tambarin shi ne dai na baya-bayan nan. Sai an ratsa ta wani kundi a tsakani sannan ɓarnar ke bayyana.

Ba na ganin wannan ƙaramin kuskuren ado ne. Mutum ba ya karanta sunan tambarin da ya ajiye da hannunsa. Yatsansa ne ya haddace wurin. Wanda ya kafa hanya ya ba manhaja amana cewa wannan wurin zai ci gaba da kai shi inda ya zaɓa. Gara tambarin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya da ya buɗe wani wuri cikin natsuwa, musamman a manhajar da ake raba wasu kundaye da wasu mutane.

Zaɓen sabuwar shaida

Gyaran a fili yake: a ɗaure lambar shaida da kundin kansa, matsayi a jeri kuma a bar wa `setRank`, wanda dama aikinsa ke nan. Tambayar ita ce wace lamba ta kundi za a ɗauka. Shawarar farko da aka kawo ita ce lambar layinsa a rumbun bayanai na SQLite da ke cikin waya, tun da tana kusa. Mun ƙi ta saboda dalili biyu. Idan ba a sa `AUTOINCREMENT` a teburi ba, SQLite na iya sake ba sabon layi lambar wanda aka goge, in wanda aka goge ɗin shi ne mai lamba mafi girma. Mutum ya goge kundinsa na ƙarshe, ya buɗe sabo, tsohon tambari ya koma kai shi sabon kundi: an gudu ba a tsira ba. Na biyu, idan mutum ya sauya waya, Android yana dawo masa da kafaffun hanyoyinsa daga kwafin ajiya, amma kundayen daga saba suke saukowa, kuma babu tabbacin za su samu lambobin layi irin na tsohuwar waya.

Kowane kundi dama yana da UUID da ake daidaita shi da saba da ita, lamba mai bit 128 wadda ba ta sauyawa ko an sake wa kundi suna, ko an koma wata na'ura. Ita muka ɗauka.

```
val hanya = ShortcutInfoCompat.Builder(context, "kundi:" + kundi.uuid)
    .setShortLabel(kundi.suna)
    .setIcon(tambarinKundi(kundi))
    .setRank(matsayi)
    .setIntent(Intent(Intent.ACTION_VIEW, kundi.uri, context, Mashiga::class.java))
    .build()
```

Aiki ɗaya ne ke gina wannan, ko za a tura shi cikin jeri ko za a nemi a kafa shi, domin kada kundi ɗaya ya tashi da shaida biyu. `Intent` ɗin, wato umarnin da ke faɗin abin da za a buɗe idan an danna, dole ya zo da `action`, in ba haka ba tsarin ba zai karɓi hanyar ba. `Mashiga` kuma shafi ne ƙarami da muka ware musamman, muka rubuta a kansa cewa ba a sauya masa suna. Dalili shi ne kafaffiyar hanya tana riƙe da cikakken sunan shafin da za ta buɗa. Wani ya zo bayan shekara biyu yana gyara tsarin fayiloli, ya sauya sunan shafin kundi, duk tambarin da ke wayoyin mutane zai koma nuna wurin da babu shi. Game da suna, jagorar Android tana ba da shawarar gajeren sunan hanya ya tsaya wajen harafi 10, dogon sunanta kuma 25, domin lonca na yanke abin da ya wuce.

Tambarin da suka riga suka kafu

A nan muka fi daɗewa muna muhawara. Sabon kod ya hana sabuwar ɓarna, amma akwai wayoyi masu ɗauke da `kwanan_1` da 'yan uwansa, kuma ba za mu iya cire su ba. Ba mu kuma da hanyar sanin kundin da mutum ya nufa ranar da ya kafa. `getPinnedShortcuts` yana nuna inda tambarin yake kaiwa yanzu ne kawai.

Wasu sun ce a kashe su duka da `disableShortcuts`, a sa saƙo mai cewa a sake kafawa. Hujjarsu tana da ƙarfi: tambarin da ba a san asalinsa ba bai cancanci a amince da shi ba. Ni na tsaya kan a daskarar da su. Idan aka daina tura komai da tsofaffin shaidun, kowane tambari zai tsaya cak a kan kundin da ya nuna na ƙarshe, sunan da ke jikinsa kuma shi ne gaskiyar inda yake kaiwa. Akwai mutane da yawa da kundi ɗaya suke amfani da shi kullum, tambarinsu bai taɓa sauyawa ba, ba su ma san akwai matsala ba. A wayi gari a dusashe musu tambari saboda laifin da bai taɓa su ba, hukunci ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Abin da aka yi a ƙarshe ya haɗa biyun. An daskarar da su, sannan a buɗewar farko bayan sabuntawa, idan manhaja ta ga tsohuwar shaida a cikin kafaffu, tana nuna sanarwa sau ɗaya: "Tambarin da ke fuskar wayarka yana buɗe kundin Taron ofis. Idan ba shi kake nufi ba, cire shi ka kafa wanda kake so daga cikin kundin." Ana ambaton sunan kundin ƙarara, domin wannan ne lokacin da mutum zai tsaya ya duba.

Rayuwar tambari bayan an kafa shi

Da muka fara kallon kafaffiyar hanya a matsayin abin da zai iya shekaru a wayar mutum, sai wasu ramuka suka bayyana. Idan aka sake wa kundi suna, sai an kira `updateShortcuts`. Idan aka goge shi, sai a kashe hanyar da saƙon "An goge wannan kundi". Lonca za ta dusashe tambarin, wanda ya danna ya ga saƙon. In aka dawo da kundin daga kwandon shara, `enableShortcuts` ya farfaɗo da ita. Idan mutum ya fita daga asusunsa, ana kwashe masu sauyawa a kashe kafaffu, a kuma mayar da sunayensu wani abu da ba ya tona komai kafin a kashe. Sunan kundi yana hannun lonca, yana kuma gaban duk wanda ya ɗauki wayar.

Duk da haka `Mashiga` ba ya yarda da abin da aka miƙo masa ido rufe. Ana iya goge kundi daga kwamfuta yayin da manhajar waya take barci. Don haka yana duba ko mutum yana cikin asusu, ko kundin yana nan, ko har yanzu yana da izinin ganinsa. In ɗaya ya faɗi, sai ya kai shi jerin kundaye da bayani a taƙaice, ba ya zaɓar masa wani kundi a madadin.

Akwai kuma takunkumin da Android ke sa wa manhajar da ke bayan fage. `setDynamicShortcuts`, `addDynamicShortcuts` da `updateShortcuts` suna da iyakar kira idan manhaja ba ta gaban mai waya, kuma idan an kai iyakar ba sa ihu, `false` kawai suke dawowa da shi. Aikin daidaitawa da saba yana kiran su bayan kowane zagaye ko da babu abin da ya sauya, yana cinye rabon a banza, ta yadda ranar da aka sauya suna da gaske kiran zai iya faɗuwa shiru. Yanzu ana kwatanta sabo da tsoho kafin a kira, ana duba amsar, in ta zo `false` a ajiye alama a ƙarasa idan an buɗe manhajar, domin buɗewa tana sake cika rabon. A wannan buɗewar ne kuma ake sake tura masu sauyawa idan jerin ya zo fanko, tun da kwafin ajiya ba ya ɗaukar su, a kuma sabunta hotunan kafaffu, waɗanda su ma ba sa biyo mutum sabuwar waya.

Hanya ta dindindin guda ɗaya ce a manhajar, "Sabon rubutu", ita ma da nata halin. Android yana buɗe irinta da `FLAG_ACTIVITY_CLEAR_TASK`, wanda ke share shafukan da suke buɗe. Wanda ya bar rubutu rabi ya fita, sannan ya bi ta wannan hanya, rabin ya tafi. Mun sa shafin rubutu ya riƙa adana abin da ke ciki da zarar an bar shi, abin da ya kamata ya yi ko babu gajeriyar hanya.

Ɓangaren iPhone bai kamu da wannan ciwo ba, ba don kod ɗinsa ya fi ba. Apple ya kawo irin wannan jeri tun iOS 9 a 2015, da farko ta hanyar 3D Touch, wato danna fuskar waya da ƙarfi, daga iOS 13 kuma ta danna a riƙe, amma bai ba manhaja hanyar ɗora wa abin da ke jerin tambarin kansa ba. Duk da haka mun sa su ma su riƙa ɗaukar UUID a cikin `userInfo`, wurin da hanyar iPhone ke riƙe ƙarin bayani, domin ma'anar hanya ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu.

Gwajin da muka ƙara a jerin abin da ake dubawa kafin fitar da kowane zubi gajere ne, kuma da hannu ake yin sa a kan lonca fiye da ɗaya. A kafa kundi ta hanyar ja, a kafa wani ta maɓalli. A buɗe wasu kundaye huɗu daban domin na farkon su fita daga jerin kwanan nan. A koma a danna tambarin biyu. A sauya wa ɗaya suna, a goge ɗayan daga wata na'ura, a sake dannawa. Umarnin `adb shell dumpsys shortcut` yana nuna shaidar kowace hanya da halin da take ciki, `adb shell cmd shortcut reset-throttling` kuma yana ɗage takunkumi idan ana son maimaita gwajin bayan fage. Kod ɗin da ke kula da `kwanan_1` zuwa `kwanan_3` yana nan a fayil nasa daban: yana karanta kundin da kowannensu ya daskare a kai, ya sabunta suna in an sauya, ya kashe in an goge. Manhajar tana aiko da ƙidayar wayoyin da har yanzu ke ɗauke da tsofaffin shaidun, ba tare da sunan kundi ko na mutum ba, kuma an yanke cewa ba za a cire fayil ɗin ba sai ƙidayar ta kai sifili.